Ba Sarki Sai Allah

Akwai maganar da Bahaushe ba ya furtawa sai tura ta kai bango. Saurari mai ba da labari a majalisa: "Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya sa gonar a kasuwa." Ko kuwa: "Da ta ga ba sarki sai Allah, sai ta kwashi 'ya'yanta ta koma gidansu." Duk wanda ke zaune a wurin ya san abin da ake nufi. Dabara ta ƙare, an buga nan an buga can ba ta ɓulle ba, wanda ake tinƙaho da shi ya kau da kai. Ba mai ɗaukar maganar a matsayin wa'azi, balle siyasa. Amma in ka ɗauki kalmomin nan huɗu ka auna su ɗaya bayan ɗaya, sai gabanka ya faɗi, domin ba su bar rawani a kan kowa ba. Mutum ya je ƙofar fada da rana tsaka ya ɗaga murya ya faɗe su, yana nufin abin da suka ce, ka ga ko dogarai za su bar shi ya maimaita.

Tana da ƙanwa, wadda ta fi ta yawo a baki. An ce wane ya rasu ya bar ƙananan yara: Allah sarki. Tsohuwa ta ga jaririn da uwarsa ta rasu wurin haihuwa: Allah sarki. Ko tsohon hoto aka tono, ko aka tuna abokin da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ita ke fara fitowa kafin kowace magana. Tausayi muke nufi da ita. Sai dai abin lura ne cewa harshen nan, da ya tashi ƙera kalmar tausayi, sarauta ya ambata, ya kuma miƙa ta inda hannun ɗan Adam ba ya kaiwa.

Mu kuwa mutanen sarki ne, kowa ya sani. Mahauta na da sarkin pawa, wanzamai na da sarkin aska, ga sarkin kasuwa, sarkin tasha, sarkin noma, sarkin ruwa. Makafi ma ba a bar su haka nan ba. Yaro in ya cika magana mu ce masa sarkin surutu. Mawaƙan fada, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sun ƙare rayuwarsu suna jera wa iyayen gidansu kirarin zaki da giwa, jama'a na jin daɗi. Karin magana ta ce bin na gaba bin Allah. Wata ta ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, wato ko an cuce ka, nemi mai laifin a ƙasa da karaga. Saboda haka "ba sarki sai Allah" a bakinmu maganar dare ce. Gari na wayewa, sauƙi na samuwa, sai mu mayar da ita inda muka ɗauko, mu gyara zaman hula mu tafi gaisuwa, ranka ya daɗe.

Abin da ya hana maganar nan sakina shi ne labarin wasu mutane can Rasha da Amurka, waɗanda wuya ta kai su ga faɗin irinta da nasu harsunan, sauƙi ya zo, suka ƙi janyewa. Kiristoci ne da suka yi imani cewa wanda ya shiga mulkin Allah ba shi da sauran mubaya'ar da zai kai wa gwamnati. Ba ya ɗaukar mata bindiga, ba ya yi mata rantsuwa, wasunsu ko haraji ba sa biya, ko ƙuri'a ba sa jefawa. Masana siyasa kan sa su a layin 'yan anakis, masu ƙin kowace irin hukuma, ko da yake sunan kan tuna wa mutane masu jefa bam, alhali waɗannan ko mari ba su yarda a rama ba.

Hujjarsu takan fara daga littafin Sama'ila na fari, sura ta 8. Dattawan Isra'ila suka zo wa Sama'ila da buƙata, a naɗa musu sarki kamar na sauran al'ummai. Abin ya ɓata masa rai, ya kai kuka wurin Ubangiji, aka shaida masa cewa ba shi aka ƙi ba, Mai Sama aka ƙi. Aka kuma umarce shi ya faɗa musu farashin abin da suke nema. Sarki zai kwashi 'ya'yansu maza ya zuba a karusan yaƙi, matan ya kai su madafa da wurin haɗa turare, ya tsince gonakin da suka fi kyau ya raba wa fadawansa, ya karɓi ushirin hatsi da na garke, ranar da suka yi kuka kuma ba za a amsa musu ba. Suka ji duka, suka ce duk da haka a ba su. Daga nan sai a tsallaka zuwa jeji, inda Iblis ya nuna wa Yesu Almasihu mulkokin duniya da darajarsu ya yi masa tayinsu, shi kuwa ya ƙi. Masu wannan ra'ayi kan ce a lura da kyau, mai tayin ya yi magana ne kamar mai kaya. Sai kuma huɗubar kan dutse, Matiyu sura 5 zuwa 7, inda aka hana rantsuwa, aka hana ramuwa, aka yi umarni da ƙaunar maƙiyi. In mutum ya ɗauki waɗannan da gaske, wane aiki ya rage wa soja, ko mai gadin kurkuku?

Amma fa ayoyin nan sun yi ƙarnuka ana karanta su a majami'u, sarakuna na zaune a sahun gaba suna gyaɗa kai. Karatun kaɗai bai cika tayar da kowa ba, sai wani abu ya karye tukuna.

An haifi Leo Tolstoy a 1828 cikin gidan masu hannu da shuni, ya gaji gandun Yasnaya Polyana da talakawan da ke noma shi. Ya yi aikin soja, yana cikin masu harba igwa a Sebastofol lokacin yaƙin Kirimiya. A 1857 ya tsaya cikin taro a birnin Paris ya ga yadda hukuma ta sa wuyan mutum a injin fille kai, abin da bai bar zuciyarsa ba har tsufa. Duk da haka ya koma gida, ya yi aure a 1862, ya rubuta manyan littattafai biyu da suka kai sunansa ko'ina a duniya. Yana dab da shekara hamsin, ga lafiya, ga dukiya, ga iyali, ga suna, sai komai ya fita daga ransa. Tambaya ɗaya ta tsaya masa a maƙogwaro: tunda mutuwa na nan tafe, wannan duka na mene ne? Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya riƙa ɓoye igiya daga ɗakin da yake tuɓe kaya da dare, gudun kada ya rataye kansa a gungumen da ke tsakanin kantocin littattafansa, ya kuma daina fita farauta da bindiga. Wannan shi ne ganin ba sarki sai Allah irin na mai komai, kuma ya fi na marar komai ban tsoro, domin shi ba shi da sauran abin da zai ce in ya samu zai huta.

Ya nemi amsa wurin masana kimiyya da falsafa, ya dawo hannu rabbana. Inda ya hango ta, wurin manoman ƙauye ne, mutanen da ke shan wuya, su yi ciwo, su mutu, ba tare da firgitar da ke cin sa ba. Ya bi su coci, ya yi azumi tare da su, ya karɓi jibin Ubangiji. Sai ga Rasha na yaƙi da Turkiyya, ya ji ana yi wa sojojin sarki addu'ar nasara a ɗakin da ake karanta ƙaunar maƙiyi. Ya koma ga Linjila shi kaɗai, ya tsaya cak a kan hanin ramuwa, ya ce nan mabuɗin yake. Bayan haka ne ya koyi ɗinkin takalma, ya kama garma, ya bar nama da giya da taba. A 1881, da 'yan tawaye suka kashe sarkin Rasha da bam, ya rubuta wa ɗansa da ya gaje shi takarda yana roƙo ya yafe wa makasan ubansa. An rataye su. A yunwar 1891 zuwa 1892 ya tafi lardin Ryazan da 'ya'yansa mata suka buɗe wuraren ciyarwa sama da ɗari biyu. Littafin da ya yi a kan cewa mulkin Allah a cikin mutum yake, an hana buga shi a Rasha, sai a Jamus ya fito a 1894; wani matashin lauya ɗan Indiya a Afirka ta Kudu, Gandhi, ya karanta shi, daga baya ya sa wa gonarsa ta kusa da Johannesburg sunan Tolstoy. A 1901 Ikkilisiyar Rasha ta sanar da cewa ba ya cikinta.

Akwai waɗanda suka riga shi aikatawa ba tare da rubuta ko shafi ɗaya ba. 'Yan ɗariƙar Dukobo, manoma ne da aka kora zuwa duwatsun Kokesas. Wani dare a watan Yunin 1895 suka kwaso bindigoginsu da takubba da wuƙaƙe, waɗanda suke kare kansu da su daga mahara, suka tara, suka zuba itace da kananzir, suka cinna wuta, suka kewaye ta suna waƙoƙin zabura har ƙarfen ya narke. Aka turo musu sojojin doki da bulala, aka tarwatsa dubbai daga gidajensu, da yawa suka mutu da yunwa da zazzaɓi. Tolstoy, wanda ya riga ya yafe kuɗin sabbin littattafansa, ya karya ƙa'idarsa ya sayar da wani sabon labari, aka haɗa da gudummawar wasu, mutum kimanin 7,500 suka haye zuwa Kanada a 1899.

Sai dai in za a faɗi labarin nan a bar matarsa Sofiya, an yi rabin gaskiya. Ta haifa masa 'ya'ya 13, biyar suka rasu suna ƙanana. Da hannunta ta riƙa kwafe rubutunsa cikin dare. Da ya tashi rabuwa da dukiya, tambayarta ɗaya ce, yaran me za su ci? Gidan ya koma filin rigima a kan haƙƙin littattafai da wasiyya. A ƙarshen 1910, yana da shekara 82, ya sulale kafin asuba ya shiga jirgin ƙasa, ciwon huhu ya sauke shi a ƙaramar tashar Astapovo, ya kwanta a gidan shugaban tashar. Sofiya ta biyo shi, aka tsare ta a waje tana leƙe ta taga, ba a bar ta ta shiga ba sai da ya fita hayyacinsa. A ganina mutumin da ya ƙi sarkin Rasha bai taɓa sauka daga sarautar gidansa ba.

Ammon Hennacy, Ba'amurke ɗan jihar Ohio, shi tasa wuyar bango huɗu ce. Ya ƙi shiga soja a 1917, aka kai shi kurkukun Atlanta yana ɗan gurguzu wanda bai damu da addini ba. Ya jagoranci fursunoni suka ƙi cin ruɓaɓɓen kifin da ake ba su, aka jefa shi ɗakin kaɗaici kimanin wata takwas, ba abin karantawa sai Littafi Mai Tsarki. Ya karanta don kashe lokaci, ya maimaita, har ya iske kansa gaban wata matsala: yana jin zai iya ƙaunar kowa a duniya ban da shugaban gidan yarin, in kuwa ban da shi, huɗubar kan dutse ta zama surutu. Daga baya ya daina biyan harajin da ake sayen makamai da shi, ya koma ƙwadago a gonakin Arizona inda ake biya kullum a hannu, don kada a cire komai daga albashinsa.

Amma Dorothy Day ce ta fi tsaya mini a rai. Tana 'yar shekara takwas a Oakland lokacin girgizar ƙasar San Faransisko, ranar 18 ga Afrilu 1906. Gari ya rushe, wuta ta cinye abin da ya saura, mutane suka riƙa tsallako ruwa a jiragen fito daga su sai kayan jikinsu. Yarinyar ta ga mahaifiyarta da maƙwabta sun ɗora tukwane, sun kwaso tufafinsu suna rabawa. Ba wanda ya ba su umarni, ba takardar da aka cike. 'Yan kwanaki aka yi haka, sannan kowa ya koma ya ja ƙofarsa. Tambayar da ta bi ta har girma ita ce, don me sai ƙasa ta girgiza?

Ta zama 'yar jarida a New York cikin 'yan gurguzu. A 1917 aka kama ta a ƙofar fadar shugaban ƙasa tare da mata masu neman 'yancin zaɓe, ta yi yajin cin abinci a kurkuku. Matan Amurka sun samu 'yancin a 1920, ita kuwa har ta mutu ba ta jefa ƙuri'a ba. Ta yi wata soyayya da ta ƙare da zubar da ciki, ta zauna da tsoron ba za ta ƙara haihuwa ba. Da ta haifi 'yarta Tamar a 1926, murna ta yi mata yawa har ta shiga neman wanda za ta yi wa godiya. Wuyar ta biyo baya. Uban yarinyar, wanda take so kamar ranta, bai yarda da aure ba, bai yarda da addini ba. Karɓar baftisma na nufin rabuwa da shi, ta kuma karɓa a Disambar 1927. Tsofaffin abokanta suka ce ta koma cocin masu kuɗi. Ta yi shekara biyar ba ta nan ba ta can.

A Disambar 1932, tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ta je Washington ɗauko rahoton zanga-zangar mayunwata. 'Yan gurguzu ne suka shirya ta, ta duba ba ta ga shugabannin addininta ba. Ta shiga majami'a ta yi addu'a da hawaye a nuna mata abin da za ta yi wa talakawa. Da ta koma New York ta tarar da wani baƙo na jiran ta, Peter Maurin, ɗan manoman Faransa, kwat ɗinsa duk ta yamutse, aljihunansa cike da takardu. Ranar 1 ga Mayu 1933, lokacin da ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki, suka fito dandalin Union Square da jarida kwafi 2,500, sunanta The Catholic Worker, wato ma'aikaci ɗan Katolika, santi ɗaya kowace. Jaridar ta rubuta cewa saukar da baƙo wajibi ne a kan Kirista da kansa. Marasa wurin kwana suka karanta, suka zo ƙofa suka ce to ga mu. Haka gidajen baƙin suka fara. Kafin gari ya waye layi ya miƙe a titi, ɗaruruwan maza cikin sanyi suna jiran kofi da burodi da miya. Ba a tambayar sunan kowa, ba a sa kowa sauraron wa'azi kafin ya ci. A ciki kuwa akwai ƙwarƙwata da kuɗin cizo, da mashaya, da masu taɓin hankali, da faɗa, da sata, kuma ba ta taɓa ɓoye wannan a rubutunta ba. Tare da su take kwana, cikin kayan da aka kawo sadaka take zaɓar na sawa.

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu ta ƙi goyon baya. Jaridar da ta kai kwafi kimanin 190,000 ta faɗo zuwa wajen 50,000, gidaje da yawa suka rufe, wasu abokan aikinta suka juya mata baya. A 1949 masu haƙa kabari a maƙabartar Katolika ta New York suka shiga yajin aiki, Kadinal Spellman ya kwaso ɗaliban makarantar limamai su yi haƙan, ita ta tsaya bayan ma'aikatan. Duk da haka kullum tana coci da sassafe, ta kuma ce in shugabannin Ikkilisiya suka umarce ta ta rufe jaridar za ta rufe. Mai ƙin hukuma da irin wannan biyayya, sai ka rasa layin da za ka sa ta. A 1955 gwamnati ta sa dokar atisayen ɓuya daga harin nukiliya, jiniya na kaɗawa kowa ya shige ƙarƙashin ƙasa. Ita da wasu kusan talatin suka zauna a bencin lambun da ke gaban ofishin magajin gari, suka ce wannan koya wa mutane sabawa da yaƙi ne. Aka kama su. Shekara na zagayowa su koma, a sake kamawa. A 1961 mutum wajen dubu biyu suka ƙi ɓuya, daga nan ba a ƙara yin atisayen ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji mu, mu da ko taron talakawa za mu yaba sai mun naɗa masa rawani.

Wuya ba ita ta ba mutanen nan girma ba. Tana zuwa wa kowa, da yawa kuma ɗaci kawai take bar musu. Abin da ya raba su da sauranmu shi ne sun ɗauki abin da idonsu ya gani a ranar tsanani a matsayin gaskiyar al'amari, suka ɗauki komawa gidan jiya a matsayin mantuwa. Kuma akwai wanda ya biya kuɗin hakan ba da zaɓinsa ba. Tamar ta yi ƙuruciyarta tsakanin makarantun kwana da hannun mutane, uwarta na can tana ciyar da 'ya'yan wasu.

Na san abin da mai karatu zai ce, musamman in yana da dangi a ƙauyukan Zamfara ko gabashin Sakkwato. Mun ga inda hukuma ta janye, kuma ba mulkin Allah ne ya sauka a wurin ba, mai bindiga ne ya zo ya yanka harajin da za a biya kafin a shiga gona. Kirista kuma zai ƙara da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura ta 13, mai umarni da yi wa mahukunta biyayya, da batun ba Kaisar abin da yake nasa. Masu ƙin hukumar suna da amsoshi. Sukan ce manzanni da kansu sun zaɓi bin Allah a kan bin mutane da aka hana su wa'azi, kuma wanda bai tara kayan Kaisar ba, abin da zai mayar masa kaɗan ne. Almajirin Tolstoy zai ce ɗan bindiga mai karɓar haraji ai ƙaramar gwamnati ce. Magana ce mai kaifi, amma ba ta dawo wa kowa da shanunsa. Ni ban gamsu cewa aƙidar nan za ta iya riƙe ƙasa ba. Gidajen Dorothy ma a cikin birni suke mai ruwan famfo da 'yan kwana-kwana. Abin da na yarda da shi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi wuyar aikatawa: matar nan ta hana kanta cewa "ai aikin gwamnati ne", ta kuma yi shekara 47 a kan haka.

A 1972 hukumar haraji ta nemi ƙungiyar Dorothy ta biya kusan dala 300,000, saboda ta ƙi yin rajistar da za ta sa a yafe mata. Jaridu suka yi ca, hukumar ta janye. A 1973, tana da shekara 75, aka yi mata kamun ƙarshe a Kalifoniya wurin yajin ma'aikatan gonakin inabi, tana zaune a kan 'yar kujerar naɗewa, 'yan sanda da bindigogi a ƙugu suna tsaye a kanta. Ta rasu ranar 29 ga Nuwamba 1980 a ɗaya daga cikin gidajen, cikin matan da ba su da wurin zuwa. A 2000 fadar Fafaroma ta amince a fara binciken sanya ta cikin tsarkaka. A 2015 Fafaroma Francis ya ambace ta cikin Amurkawa huɗu abin koyi, yana tsaye a gaban majalisar dokokin ƙasar, majalisar da ba ta taɓa zaɓar ko mutum ɗaya a cikinta ba. Jaridar tana fitowa har yau, kuma farashinta santi ɗaya ne.